Hawainiyar da Ba a Mayar Ba

Ranar Laraba ce a ƙarshen damina. Rana ta riga ta faɗa bayan gidajen Ƙofar Marusa, amma ladan bai kira magariba ba tukuna. Lokacin nan ne da hayaƙin murhu ke kwanciya a kan katangu, kaji na neman akurki, muryoyin unguwa suna ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Malam Nu'uman na zaune bisa tabarma a tsakar gida, tabarau a ƙarshen hanci, yana gyara takardar koke da jan biro. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da kimiyya a firamare kafin ya yi ritaya, kuma har yau ba ya iya barin waƙafi ya kwana inda ba wurinsa ba. Matarsa, Hajiya Sabuwa, na tuƙa tuwo a madafa. Jikarsu Muhsina, 'yar shekara goma da suke riƙo, tana kwashe shanya daga igiya.

"Malam Tsoho," in ji ta, tana leƙen takardar ta bayan kafaɗarsa, "wa zai iya karanta wannan? Ta fi littafinmu na Turanci tsawo."

"Wanda aka ajiye a ofis don ya karanta. Ke wa ya ce ki leƙa, uwar iyayi?"

"Ai jami'an da ka jira a makaranta ba su zo ba ma. Ka sha guga a banza."

Bai kai ga ba ta amsa ba dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin karatunsa, ya gangaro, ya tsaya a tsakar gida. Na biyu ya biyo baya, sai na uku, sai na huɗu, da tazara iri ɗaya tsakaninsu kamar mai jifan yana ƙirgawa. Daga nan babu ƙari.

Hajiya Sabuwa ta fito da muciya a hannu tana faɗan yaran zamani marasa tarbiyya. Malam ya zura takalmi ya fita ta zaure. Lungu wayam, ko akuya babu. Da ya dawo ya tsince duwatsun, sai ya ji su a jiƙe, da sanyi, da santsin gansakuka, suna warin taɓon kududdufi. Kwana tara ke nan ba a yi ruwa a Katsina ba, kuma kududdufin da ya fi kusa da gidan tafiyar minti goma sha biyar ne. Ya tsaya yana kallonsu a tafin hannunsa. Bai so ya ƙirga ba, amma zuciyarsa ta ƙirga masa: Lahadi, Litinin, Talata, Laraba.

"Yara ne," ya ce, ya zuba su a aljihu.

Shekara shida ke nan, kowace Asabar, Malam Nu'uman na kwasar 'yan aji biyar na makarantar unguwa ya kai su wani tsohon kududdufi a bayan ragowar ganuwa, inda wata tsamiya mai kogo ta sunkuya a kan ruwa. Ba wanda ya sa shi. Ya dai gaji da ganin yaran da za su zana maka kwaɗo a allo amma ba su taɓa riƙe shi a hannu ba. A can suke koyon bambancin zalɓe da balbela, su ga ƙwan kwaɗi a ƙarƙashin kainuwa, su bi sawun guza a taɓo. Doka ɗaya ce, kuma shi ya kafa ta: duk abin da aka ɗauka, a duba shi, a zana shi, a mayar da shi daidai inda aka same shi kafin a kira la'asar. Akwai littafi mai baƙin bango da ya ja wa layi huɗu: abin da aka ɗauka, wanda ya ɗauka, inda aka samu, sai na ƙarshe, an mayar. A nan yaro ke sa hannu. Ya taɓa juya ajin gaba ɗaya daga bakin titi, cikin yayyafi, saboda katantanwa ɗaya da aka manta a aljihu.

Bana wani mai hali ya sayi filin. Tifofi suka fara juye jar ƙasa a gefen ruwan, ba sanarwa, ba allo, ba wanda ya tambayi unguwa ko makaranta. Malam ya rubuta takarda bakwai zuwa ofishin da abin ya shafa, kowace da kwanan wata da lamba. Shida ba a ko amsa ba. A ta bakwai aka ce jami'ai za su zo makaranta ranar Litinin su ji ta bakinsa. Ya san irin mutanen: magana ba ta shiga kunnensu, sai sun ga abu mai rai a kan tebur yana motsi.

A Asabar ɗin da ta gabaci Litinin ɗin ce Muhsina ta hango wata 'yar hawainiya a reshen tsamiya na ƙasa, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ta ɗauko ta a hankali yadda aka koya mata. Malam ya sa ta a kwalba mai hudajjen murfi, ya yi bisimilla ya rufe, kamar yadda yake yi a kan komai tun daga tukunya har ƙofar gida. Yara ashirin da takwas suka kewaye suna kallon idanunta na juyawa kowane da nasa gefen. Da la'asar ta matso ya ce su yi layi, shi zai mayar da ita da kansa don reshen ya yi musu tsawo. Ya zaga bayan tsamiya, ya zura kwalbar cikin jaka, ya dawo ya miƙa wa Muhsina littafi.

"Ka mayar, Malam Tsoho?"

"Na mayar. Sa hannu."

Ta rubuta an mayar da kyakkyawan rubutunta, ta sa sunanta. Kwana biyu ne kawai, ya gaya wa kansa, kuma don ceton wurin ne.

Ranar Litinin ya zauna a ofishin hedimasta cikin gogaggiyar riga, jaka a kan cinya, har ƙarfe biyu. Jami'ai ba su zo ba, ba su aiko ba. Ranar Talata ya ajiye kwalbar a bakin tagar ɗakin karatu, cikin inuwa, ya tafi ofishin ya ji dalili. Suka shanya shi a benci har bayan azahar, sannan wani matashi da ko gaisuwa bai iya ba ya ce masa sai Laraba. Kafin ya dawo gida rana ta zagayo tagar. Ya tarar da hawainiyar ta yi baƙi ƙirin, baki a buɗe, ƙafafunta manne da gilashi. Sannan ya buɗe murfin, ya cika kwalbar da sifirit don kada ta ruɓe, ya sauya mata murfi marar huda, ya yi bisimilla ya rufe, ya tura ta bayan littattafai. Larabar ma ba su zo ba.

Ranar Alhamis da magariba duwatsu biyar suka faɗo. Hajiya ba ta yi faɗa ba wannan karon, don hankalinta na kan Muhsina. Yarinyar ta taso daga ɗaki za ta kai wa kakanta buta, sai tafiyarta ta canza. Takan ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya, jikinta ya yi gaba ya dawo baya, ya sake yin gaba, kafin ta ajiye ƙafar a ƙasa. Daga ƙofar ɗaki zuwa tabarma sai da aka idar da salla a masallacin unguwa. Da aka kira isha'i ta dawo daidai, ba ta tuna komai ba.

Da safe suka kai ta asibiti. Aka auna jini, aka haska ido, aka ce ba a ga komai ba, ta huta. Da yamma duwatsu shida. Yatsun hannunta na dama suka rabu gida biyu, biyu a gefe, uku a gefe, suka maƙale gefen zanin Hajiya har sai da aka ɓamɓare su. Sannan ta ɗago kai. Idonta na hagu na kallon kakarta. Na dama ya juya shi kaɗai, a hankali, ya tsaya a kan ƙofar ɗakin karatu.

Ranar Asabar Malam Nu'uman ya aika makaranta cewa babu fita, karo na farko cikin shekara shida. Ya wuni a ɗakin karatu bai buɗe littafi ba. Sau biyu ya miƙa hannu bayan littattafan, sau biyu ya janye. In ya fito da kwalbar, sai ya faɗi abin da ya yi; in ya faɗa, yara ashirin da takwas za su ji, da iyayensu, da duk wanda ya taɓa tsayarwa a gaban aji saboda ƙarya. Da magariba duwatsu bakwai, kuma bayan na bakwai suka ji wata siririyar ƙara daga ɗakin, kamar farce na kankarar gilashi.

"Malam," in ji Hajiya Sabuwa, muryarta ƙasa-ƙasa, "ɗiyar mutane ce a hannunmu. Mi zan ce wa uwarta? In akwai abin da ka sani, ka faɗa mani."

"Mi zan sani?"

Ta yi masa kallon shekara arba'in na zama tare. Da gari ya waye ta aika unguwar Gobarau a kira Malam Abdurrahim, masanin Alƙur'ani da ake kai wa masu irin wannan lalura.

Ya iso bayan la'asar, mutum mai sanyin murya, furfura ta fara fito masa a gemu. Tun daga zaure ya cire takalmi ya durƙusa, domin Malam Nu'uman ya koyar da shi a aji shida, kuma ya taɓa tsayar da shi a gaban allo tun daga safe har aka tashi tara saboda ya ce ya yi aikin gida alhali bai yi ba.

"Allah shi gafarta Malam. Mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau, Abdurrahim. Ya iyali? Ya ɗalibai?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki? Ya kuma mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Malam Nu'uman, idonsa a kan tabarma.

Aka kawo ruwa da ganyen magarya. Malam Abdurrahim ya sa Muhsina ta zauna a cinyar kakarta, an lulluɓe ta da mayafi, shi kuma ya zauna nesa kaɗan yana jan carbi. Inuwa ta cinye tsakar gida. Tsuntsayen da ke kan dalbejiyar maƙwabta suka yi tsit. Duwatsu suka fara sauka, ya ƙirga su da yatsa har takwas, sannan ya matso ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, ba da sauri ba. Ya daɗe yana yi. Yatsun yarinyar suka rabu. Idonta na dama ya juya. Sai bakinta ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito, a dishe, kamar ta wadda ta kwana uku tana kuka.

"Ya isa, ɗan Gobarau. Ni ma Musulma ce, kada ka ƙone ni a banza."

"In ke Musulma ce, mi ya kawo ki jikin yarinya?"

"Hannun ga shi ya ɗauki ɗana. Hannun ga shi ya rubuta an mayar."

"Wane ɗa?"

"Autana. A tsamiyar bayan ganuwa muke tun kafin a haifi kakanku. Shekara shida muna kallon tsohon nan da yaransa. Ko katantanwa ya ɗauka sai ya mayar. Shi ya sa muka saki jiki, muka bar namu yaran su riƙa fitowa cikin rigar ƙananan halittu su yi wasa da nashi. Ranar ina cikin kogo na ji yarinyar nan ta tambaye shi, na ji ya ce na mayar. Na ci gaba da aikina. Da ban ji kalmar nan ba, da tun a bakin ruwa na biyo shi."

Hajiya Sabuwa ta fara salati a hankali.

"Kwana uku ina tonon jar ƙasar tifa, na ɗauka ita ta danne shi. Ashe yana cikin kwalba, an rufe da sunan Allah. Ba mu buɗe abin da aka rufe da sunan Allah, ba mu jin abin da ke ciki. Sai ran Talata da aka ɗaga murfi na ji ƙamshinsa. Kafin in iso an sake rufewa. Ga shi can, taku goma tsakanina da shi, ko gawarsa na kasa ɗauka."

Malam Abdurrahim bai juya nan take ba. Da ya juya, kansa a sunkuye yake.

"Allah shi gafarta Malam, aljanu suna ƙarya. Ba zan ɗauki maganarta ba sai na ji taka. In ka ce ba haka ba ne, in ci gaba da karatu har ta fita ko ta ƙone."

Ga ƙofa an buɗe masa. Kalma ɗaya, kuma yaron nan zai gaskata shi, don shi ya koya masa gaskata shi. Malam Nu'uman ya dubi hannun jikarsa a ƙanƙame, jijiyoyi sun tashi, hannun da shi ya koya wa riƙe biro. Ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya shiga ɗakin karatu, suka ji faɗuwar littattafai, ya fito da kwalba a hannu ɗaya da littafi mai baƙin bango a ɗaya, ya ajiye su a tsakiyar tabarma.

"Ko ɗanta ne ko ba ɗanta ba ne, Allah shi ya sani. Amma ni na ɗauke, ni na ɓoye, ni na bar ta a rana. Yarinya ta tambaye ni, na yi mata ƙarya, na sa ta sa hannu a kai."

Idanun Muhsina biyu suka haɗu a kan kwalbar. Kukan da ya fito daga bakinta ba mai ƙarfi ba ne, kuma shi ya sa ya fi wuyar ji.

"Kin ji," in ji Malam Abdurrahim bayan ta lafa. "Yarinya ba ta da laifi. Fita."

"Zan fita da hannun. Ya shanye, a madadin ɗana."

"Ba za ki fita da ko farce ba. Zalunci ne, kin kuwa san hukuncinsa."

"Ga nawa," in ji Malam Nu'uman, ya miƙa hannunsa na dama. "Shi ya rufe murfin."

"Mi zan yi da hannun da ya kusa kabari? To a yanka mani baƙin bunsuru a gindin tsamiya."

"Ba a zubar da jini don kowa sai Allah," in ji Malam Abdurrahim. "Ko kaza ba za ki samu ba. Nemi abin da yake haƙƙinki, ko in koma karatu."

Aka ji ladan na gyara lasifika don isha'i.

"A mayar mani da shi. Tsohon ya buɗe da hannunsa, ya wanke mashi ruwan warin nan, ya rufe shi a gindin tsamiya. Yaran da suka kalle shi da rai su tsaya su gani. Ya gyara littafin a gabansu. Gobe, kafin la'asar. Dokarsa ce, ba tawa ba."

Malam Abdurrahim ya dubi tsohon malaminsa.

"Na yarda," in ji Malam Nu'uman.

"Ke kuma ki yi alkawari da Allah ba za ki dawo gidan nan ba."

"Ina zan dawo? Tifa ta ci rabin ruwa, tashi za mu yi. So nake kawai in san inda na bar shi. Na yi alkawari. Assalamu alaikum."

Muhsina ta yi atishawa sau uku. Yatsunta suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe ido ta ce, "Hajiya, an yi magariba?" Sannan ta ga kwalbar. Ta matso da ita kusa da fitila, ta daɗe tana kallon abin da ke yawo a ciki, ta ɗago ta dubi kakanta da idanunta na kullum.

"Ka ce ka mayar."



Washegari bayan an tashi makaranta Malam Nu'uman ya roƙi hedimasta ya ba shi ajin. Suka tafi a layi kamar kullum, sai dai ba mai waƙa. A gefen kududdufin tifa biyu na juye ƙasa, direbobin ko kallonsu ba su yi ba. Malam Nu'uman ya durƙusa a gindin tsamiya, gwiwoyinsa cikin taɓo, ya buɗe murfi, ya wanke 'yar gawar da ruwan buta sau uku, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya tona rami da hannunsa ya rufe. Sannan ya miƙe ya gaya wa yara ashirin da takwas abin da ya yi, bi da bi, bai rage ba, bai kuma ambaci jami'an da suka shanya shi ba. Ya buɗe littafi, ya ja layi ɗaya da jan biro a kan an mayar, ya rubuta a ƙasa: Ba a mayar ba sai bayan kwana tara, a mace. Ƙaryar tawa ce, ba ta Muhsina ba. Ya sa hannu.

Muhsina ta karɓi littafin ta duba. "Ba ka sa kwanan wata ba."

Ya karɓa ya sa. Ana rufe littafin aka kira la'asar.

Da yamma ya zauna bisa tabarma ya ɗauko takardar koke ta takwas. Bai janye kalma ɗaya ba a kan mai filin da ke binne ruwan unguwa ba izinin kowa, ko a kan ofishin da ya yi alkawari sau biyu ya saɓa. Har yanzu yana neman a tsayar da tifofin, a bar wa makaranta tsamiyar da abin da ya rage na ruwan, a kuma amsa masa a rubuce. Amma a jerin waɗanda suka cuci wurin, ya mayar da na ɗaya ya zama na biyu, na biyu ya zama na uku, ya rubuta sunansa a sama.

Rana ta faɗi. Ya ajiye biro yana sauraron kwanon ɗakin karatu. Babu abin da ya faɗo. Ladan ya kira magariba, Muhsina ta fito da tafiyarta ta kullum, ta ajiye buta a gabansa. Ya jira ta tsokane shi da sunan da take kiransa tun tana koyon magana.

"Malam, ga ruwan alwala," in ji ta, ta russuna, ta koma ɗaki.